Filin Manoma: Yadda A Ke Ba Maƙeri Aikin Ƙaramar Wuƙa

Cikin kayan aikin manomi babu abin da a ke rainawa kamar ƙaramar wuƙa, ga shi kuwa babu abin da ya ke ɗauka kullum kamarta. Garma da fartanya da lauje kowane da lokacinsa, in ya wuce sai a jingine a gindin rumbu. Wuƙa kuwa rani da damina tana jiki. Da ita a ke yanke igiya, a farke bakin buhu, a feraye rake, a ɗebi kuɓewa, a gyara irin rogo. Ɗan kasuwa ba ya rasa abin yankewa, malamin ofis kuwa ko fensir ya fiƙe. Akwai kuma ranar da ba a fata, watau akuya ta ci wani abu a daji cikinta ya kumbura, tana shure-shure, ga gida da nisa. In wuƙar mai ita dakusasshiya ce, kafin a je a dawo ta zama mushe, an yi hasarar nama da kuɗi gaba ɗaya.

Duk da haka yawancin mutane in sun je maƙera iyakar abin da su kan ce shi ne, "A ƙera mini wuƙa mai kyau." To, maƙeri bai san gaibu ba. Sai ya ƙera irin wadda ya saba, doguwa, mai baki biyu, mai ado a ƙota, in ba ta yi aikin ba kuma a ce ba shi da gwaninta. Mai ba da aiki shi ya kamata ya faɗi abin da zai riƙa yanka da ita, gama aikin shi ke fid da siffar wuƙa.

Don aikin yau da kullum, ruwan wuƙa mai tsawon inci 3 zuwa 4 ya isa, watau santimita 8 zuwa 10, kaurin bayanta kamar milimita 2 ko 3. Baki ɗaya za a yi mata, don babban yatsa ya sami wurin dafawa. Wuƙa mai baki biyu ta faɗa ce, a gona kuwa yatsan mai ita ta kan fara ci. Wannan tsawo ya ishi kaza da ƙaramar akuya. Babban rago da sa sai doguwar wuƙar yanka, kada a haɗa su. Mai auren mangwaro ko lemo ya roƙi a yi masa siririya, a wasa gefe ɗaya kaɗai, ɗayan a bar shi a shimfiɗe, don yankan ya fita sumul reshe ya manne da reshe. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce mutum ya yanka siffar da ya ke so a jikin kwali, ya riƙe a hannu ya ji, sa'an nan ya kai wa maƙeri da kansa. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Sai maganar ƙarfe, wadda ita ce uwar aikin. A zamanin da, tama a ke haƙowa a narke, har masu binciken tarihi sun sami alamar wannan sana'a a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, motoci kuma suka yawaita, sai tsohon ƙarfe ya yi araha, narkar da tama ta yi ta ja da baya har aka bar ta. Amma ba kowane tsohon ƙarfe ne ke yin wuƙa ba. Abin da ke sa ƙarfe ya yi tauri shi ne wani sinadari irin na gawayi da ke cikinsa, wanda a ke kira kabon. Sifirin ɗin mota yana da shi kamar kashi 0.6 cikin ɗari, tsohon magagari kuwa wajen kashi 1 ko fiye. Waɗannan biyu su ne abin nema. Rodin gini da ƙarfen ganga nasu kaɗan ne, kome gwanintar maƙeri kaifinsu ba ya daɗewa. In an goga ƙarfe a injin wasawa a kan gane: mai kabon da yawa tartsatsinsa ya kan fashe ya yi rassa, marar shi kuwa dogayen layuka ya ke fitarwa. A duba sifirin da kyau kuma, don wanda ya sha kaya shekara da shekaru ya kan yi tsaga ɓoyayya.

Wani zai ce, ina farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa? Wannan wani Bature ne mai suna Harry Brearley ya fito da shi a birnin Shefil na Ingila cikin 1913. Yana da kyau, amma taurara shi na bukatar zafin da ya wuce digiri 1,000, a kuma tsare shi daidai, abin da ke da wuya da gawayi da zuga-zugi. A bar wa masu masana'anta.

Inda wuƙa ke gyaruwa ko ta lalace shi ne wajen tsomawa, nan ne kuma ya kamata mai aiki ya zauna ya gani da idonsa. Bayan an gama bugu an fid da siffa, sai a mai da ita wuta har ta yi ja, wajen digiri 800. Maganaɗisu na taimako a nan, gama ƙarfe in ya kai digiri 770 ya kan daina kama shi. Da ya daina, a ƙara ɗan zafi kaɗan, sa'an nan a tsoma. Ƙarfen sifirin mai ya ke so. Ruwan sanyi ya kan sa shi ya tsage, wani lokaci ma a ji ƙarar tsagewar. In tsomawa ta yi, ko an goga magagari a bakin sai ya zame, ba ya ci.

To, amma aiki bai ƙare ba, ko da ya ke masu gaggawa a nan su kan tsaya. Wuƙar da aka tsoma ta yi tauri kamar kwalba, tana faɗuwa a kan dutse sai ta karye. Dole a goge ta ta yi fari, a ɗora bayanta kusa da garwashi, a riƙa duban launin da ke tafiya zuwa baki. In bakin ya yi kalar busasshen karan dawa, watau wajen digiri 220 zuwa 230, sai a ɗauke a sanyaya. In aka yi sakaci ya kai shuɗi, wajen digiri 300 ke nan, ta yi laushi, kullum sai wasawa. Wannan ɗan aiki ba ya ganuwa a jikin wuƙa ranar da a ke ciniki, sai bayan mako guda a gona. Sabo da haka maƙerin da ya yi shi ya cancanci a ƙara masa kuɗi, araha ba ta ado.

Ƙota kuwa a nemi busasshen ice mai ƙarfi, kamar kirya ko marke ko aduwa, ko kuwa ƙaho. Ɗanyen ice in hunturu ya buga shi sai ya motse, ƙarfe ya riƙa girgiɗi. Tsawonta ya cika tafin hannu, kamar inci 4, kada kuma a yi ta zagayayya sarai don ba ta juya in hannu ya yi gumi. Mafi ƙarko ita ce wadda ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, aka kama da ƙusoshin tagulla biyu ko uku. In kuwa irin wadda a ke cusawa cikin ice ce, a sa mata zobe a wuya.

Kube aikin baduku ne, kuma sai an gama wuƙa a ke kai masa ya auna a jikinta. A ce masa ya sa wani siririn yanki na fata mai kauri tsakanin ɗinki da kaifi, in ba haka ba wata rana kaifin zai ci zaren ya fito a cinyar mai ita. Kube ya haɗiye har rabin ƙota, ya kama ta yadda ko an kifa shi ba ta zubewa. Jar fata da zane a kai ba laifi, in kuɗi ya ragu.

Wajen ciniki a yanka magana tun farko a kan ƙarfen da za a sa, da kuɗi, da ranar karɓa, a ba da kafin alƙalami, sauran sai an gwada. Gwajin kuwa ba wuya. A aske gashin hannu da ita, sa'an nan a sassaƙa busasshen icen kirya sau da yawa, a duba bakin a rana. In ya lanƙwashe ta yi laushi, in ya ɓantare ta yi tauri da yawa. Duka biyu maƙeri na iya gyarawa, kuma maƙerin kirki ba ya jin haushin a gwada aikinsa.

Irin wannan ƙarfe yana tsatsa. In an yanka lemo ko tumatir a goge nan da nan, a shafa ɗan man gyaɗa, kada kuma ta kwana cikin jiƙaƙƙen kube da damina. A wasa ta a dutse da ruwa. Injin wasawa in ya sa baki ya yi shuɗi, ya ƙone taurin ke nan. Haka nan mai auren itatuwa da mai yankan irin rogo, ya kamata su tsabtace wuƙa in za su bar wata shuka zuwa wata, gama cututtuka da dama ta bakin wuƙa su ke yaɗuwa. Amma da sifirit ko ruwan bilic za a goge, kada a cusa ta cikin wuta.

Wuƙar aiki wurinta gona da rumfa da gida. Hukuma na kama masu yawo da makami cikin gari, musamman wurin taro, ɗan sanda kuwa ba ya iya sanin abin da ke zuciyar mutum. Wanda zai shiga birni ya ajiye tasa, inda hannun yara ba ya kai wa.

Mai son ba da aiki ya ba da shi da kaka ko farkon rani. In bazara ta kawo jiki, maƙera ta kan cika da fartanya da garma, wuƙa kuwa sai a yi ta cikin gaggawa ko a ce sai bayan shuka.