Yadda A Ke Zaɓen Sabuwar Taya Ga Mota Mai Zafin Gudu

In mota irin su Porsche ko BMW ko Mercedes ta gilma a kan titi, abin da jama'a su kan fara tambaya shi ne ƙarfin injinta. Ba safai a kan kula da tayoyinta ba. Amma fa ƙarfin inji, da kamun birki, da juyin sitiyari, duka ba su da hanyar isa ƙasa sai ta wurin taya. Inda ko wace taya ta ke taɓa kwalta kuwa kamar faɗin tafin hannun babban mutum ne. Watau rayukan duk waɗanda ke cikin motar a kan tafin hannu huɗu su ke tafiya.

Wani zai ce, me ya haɗa mai koyon aikin malanta da irin wannan mota? Dalili shi ne, rubutun da ke jikin tayar motar attajiri iri ɗaya ne da wanda ke jikin tayar motar da ke ɗaukar 'yan makaranta. Malami kuwa shi a kan kawo wa ko wane rubutu a ce ya karanta. Zaɓen taya aikin karatu ne, gama masu ƙera motar sun riga sun rubuta irin wadda ta dace da ita, a cikin littafin motar, da kuma a wata 'yar takarda da a kan liƙa a jikin ƙofar direba. Abin da ya rage wa mai mota shi ne ya gwama wannan da abin da ke gefen taya.

Ga misali, a ce an rubuta 245/40 R18 97Y. Lambar farko, 245, faɗin tayar ke nan a milimita. Ta biyu, 40, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 40 ne cikin 100 na faɗinta, watau milimita 98. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. Lamba 18 ita ce girman wili a inci, watau ƙarfen da a ke ɗaura tayar a kai. Lamba 97 kuwa alamar kaya ce: taya mai wannan lamba tana ɗaukar kilo 730, mai 91 kuma kilo 615 kaɗai.

Saura harafin ƙarshe, wanda masu saye su ka fi rainawa. Shi ne ke faɗin iyakar gudun da tayar za ta jimre. T kilomita 190 ne cikin awa guda, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Mai mota zai iya cewa, ai dokar hanya ta Nijeriya ba ta yarda ƙaramar mota ta wuce kilomita 100 a babban titi ba, don me zan biya kuɗin Y? To, bari mu yi lissafi. Inci 18 milimita 457 ne. In ka ƙara 98 sau biyu, ka sami 653, kewayen tayar ya zama mita 2 da ɗan ɗori. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin wajen mita 28 cikin daƙiƙa guda, saboda haka tayar tana juyawa sau 13 ko 14 ko wace daƙiƙa. Ko wane juyi sai robar ta lotsa ta miƙe, lotsawar nan kuwa ita ke haifar da zafi, ga kuma zafin kwalta da rana tsaka. Harafin nan shaida ce ta yadda taya ke jimre zafi ba ta rabu da saƙarta ba. Daɗa kuma birki da sitiyarin motar an daidaita su ne da taya mai wannan ƙarfi. Ana iya sa wadda ta fi harafin da aka rubuta, amma kada a sa wadda ta gaza shi.

Waɗansu kamfanoni har su kan sa a yi musu taya ta musamman. Ta Porsche tana ɗauke da harafin N, ta BMW da tauraro, ta Mercedes da MO, ta Audi da AO. Haka kuma motoci da yawa masu zafin gudu tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka kada a ɗauka duka huɗun girmansu ɗaya. In an ga kibiya a gefen taya, sai a ɗaura ta yadda za ta riƙa juyawa wajen da kibiyar ta nuna.

Bayan girma sai shekaru. A nemi haruffan DOT, a duba lambobi huɗu na ƙarshen layin. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba ta kan bushe ta tsattsage ko da ba a mora ta ba. Kamfanin Michelin ya ba da shawara a riƙa kai taya dubawa ko wace shekara in ta cika shekara 5 tana aiki, in ta kai 10 daga ranar yinta kuwa a cire ta, kome kyan fuskarta.

A nan ne hatsarin tayoyin gwanjo ya ke, waɗanda a ke kira Beljiyam. Gwamnati ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, duk da haka ana samunsu a kasuwa. Waɗansunsu ma don sanyin Turai aka yi su. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki. Robarsu mai taushi ce, an shirya ta don lokacin da awon zafi ya sauko ƙasa da 7. A kan kwaltarmu sai su cinye da wuri, birki kuma ya yi nisa kafin mota ta tsaya. Araha dai ba ta ado.

Yaushe a ke sake taya? Cikin kwarin zanenta akwai 'yan tudu ƙanana masu tsayin milimita 1.6. Ran da zanen ya cinye har ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Kwarin nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashinta da damina, in babu shi sai motar ta hau kan ruwa ta yi ta zamewa, sitiyari bai ji ba, birki bai kama ba. Haka nan in gefen taya ya yi ƙari bayan an faɗa rami, saƙar ciki ce ta tsinke, mai faci ba shi da maganinta. Wannan ya kan sami taya mai gajeren gefe da sauƙi, tun da ya ke ba ta da tsayin da zai sha dukan ramin.

In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya. In girman gaba da baya ɗaya ne, sababbin a baya za a sa su, gama motar da bayanta ya zame ta fi wuyar sarrafawa. Wadda injinta ke juya ƙafa huɗu duka kuwa, ya fi kyau a sake su gaba ɗaya. Iska kuma a auna ta da safe kafin taya ta ɗau zafi, bisa ga takardar jikin ƙofa.

'Yan'uwa, in wani ya nemi shawararku, ku durƙusa tare da shi ku karanta masa gefen tayar tun bai ƙirga kuɗinsa ba. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, amin.