Ba Kowane Ciwon Gaɓɓai ne Sanyi ba

A Doka, kan hanyar Gadarif zuwa Gallabat a Sudan, idan mace ta wayi gari yatsunta sun ƙage, ta kasa matse wanki ko ɓanɓaro kisra daga kasko, abin da za a ce mata bai wuce "sanyi ne, Yaya, zai sake ki" ba. Sai a aiki yaro kantin magani ya sayo diclofenac. Zogi ya lafa, a koma yankan riɗi.

Akwai wani amosanin gaɓɓai da ba ruwansa da damina ko tsufa. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa rufin gaɓa, ta kumbura shi, sannu a hankali ta cinye guringuntsi da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Yana da kamanninsa. Ƙananan gaɓɓai yake fara kamawa, yatsu da wuyan hannu da na ƙafa, dama da hagu lokaci guda. Sandarewar safe takan kai awa ɗaya, sai an motsa jiki take saki. Ga kasala kamar an yi wa mutum duka. Wanda ya yi makonni a haka, ya nufi asibiti, ko da sai an tura shi Gadarif gwajin jini na RF da anti-CCP.

Abin da ke ba ni takaici shi ne watannin farkon nan, uku zuwa shida, da magani ya fi cin cutar, su ne muke ƙararwa wajen tsaga da ƙaho da man shafawa. Ƙwayoyin kashe zogi kuwa rufa-rufa ce; ɓarna na ci gaba a ciki, ga gyambon ciki da ciwon ƙoda na jiran mai yawan sha. Yatsan da ya riga ya karkace ba ya miƙewa da ƙwaya.

Maganin da likitoci suka fi farawa da shi methotrexate ne. Sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba, kuskuren nan na iya kisa. Mai ciki ba ta sha. Yakan ɗauki makonni kafin a ji aikinsa, kada a ce bai karɓe ni ba a watsar. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasar a Afrilun 2023 magani kan yanke, don haka a nemi na gaba tun na hannu bai ƙare ba.