Kurkunu ya tafi, amma tafkin yana nan

Da wuya matashi a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ya ce ya taɓa ganin kurkunu da idonsa. Abin godiya ne, amma akwai haɗari a ciki. A 1988 an ƙirga masu cutar fiye da 650,000 a Najeriya. An ga na ƙarshe a jihar Enugu a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da ita. Ba da allura ko ƙwaya aka ci wannan yaƙi ba, don har yau kurkunu ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ta zagaya ƙauyuka, amma ainihin makamin shi ne ƙyallen tace ruwa da idon mutanen gari.

Da ido ake gane cutar. Mutum ya sha ruwan tafki mai ƙananan ƙwarin da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, ya yi kusan shekara lafiya lau, sai bororo mai zafi kamar wuta ya fito, yawanci a ƙafa. In ya fashe, farar tsutsa ta leƙo, wani lokaci tsawonta ya kai mita guda. Ma'aikacin lafiya kan naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan kullum, har tsawon makonni, yana wanke miki, domin in ta tsinke a ciki ƙafar kan kumbura ta yi ruwa. Mafi muhimmanci, kada mai ita ya tsoma ƙafa a tafki neman sanyi, don a nan take zubar da 'ya'yanta.

Wani zai ce tunda babu mai cutar a ƙasar nan, ruwan tafki kaɗai ba zai haifar da ita ba. Gaskiya ne. Sai dai har yanzu tana Chadi, inda tun 2012 ake samun ta a jikin karnuka a gaɓar kogin Shari, kuma masana na zargin ɗanyen kayan cikin kifi da karnukan ke ci. Fatake da masunta ba su daina zirga-zirga tsakanin Chadi da Najeriya ba. A yankin Zurmi kuwa, rashin tsaro ya raba iyalai da yawa da rijiyoyinsu, ya mayar da su shan ruwan kududdufi. Baƙo guda mai miki ya isa ya gurɓata tafkin gari. Shi ya sa ya kamata asibitoci da makarantun yankin su koma nuna wa yara hoton wannan tsutsa, a kuma kai rahoton duk bororon da aka yi shakkarsa ga jami'in lafiya na ƙaramar hukuma tun kafin ya fashe.