Alƙaluman Dakar da Tiyar Buza: Nazari kan Sauke Bayanan Babban Banki

A da, mai binciken da ke son sanin yadda farashi ya tafi a Nijar cikin shekara ashirin sai ya tara mujallun babban bankin BCEAO, ya zauna yana kwafe lambobi ɗaya bayan ɗaya. Yau layi uku ko huɗu na umarni a manhajar R ko Python sun isa su jawo jerin lambobin gaba ɗaya cikin kwamfuta. Ɗalibin tattalin arziki a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa na iya yin haka yana zaune a ɗakinsa. Abin dubawa shi ne abin da ya kawo sauyin, da kuma amfaninsa ga yankin Madawa, Buza da Keita.

Dalili na farko, bankunan da kansu ne suka buɗe rumbunansu. Reshen babban bankin Amurka da ke St. Louis ya fara rumbun FRED tun 1991. BCEAO, mai hedikwata a Dakar da ke kula da kuɗin ƙasashe 8, yana da nasa mai suna EDEN, sannan dandalin DBnomics na Faransa ya tattaro bayanan hukumomi da dama wuri guda. Na biyu, R da Python kyauta ne, alhali manhajoji irin su Stata da EViews sai da lasisin kuɗi. Na uku kuwa matsi ne na zamani. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Daga kusan 460 a kan dala ɗaya, ta haura 1,500 a farkon 2024. A tsakani aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki. Kowa ya so ya ga lambobi.

Amfanin a bayyane yake. Kuskuren kwafi ya ragu, kuma wani na iya sake gudanar da umarnin ya tabbatar da sakamakon. Mafi muhimmanci, dogon jeri yana koyar da tarihi: wanda ya zana shi zai ga tsallen farashi bayan rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994, ya kuma ga yadda ɗaure ta da yuro a kan 655.957 ke riƙe ta wuri guda yayin da naira ke zamewa.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Arzikin wannan yanki na Adar ba a banki yake kwana ba. Manomin albasa a fadamar Tarka, da dillalin dabbobi a Bangi, da matar da ke jiran saƙon mijinta ɗan cin rani daga Kano ko Legas, duk da farashin ɗan canji suke lissafi. Idan naira ta faɗi, kayan Najeriya na yin sauƙi, amma kuɗin da ɗan cin rani ya aiko ba ya sayen tiyoyin hatsin da ya saya bara. Jerin babban banki na bayar da matsakaicin ƙasa ne. Ba ya nuna abin da jika ɗaya ke saya a kasuwar Buza lokacin bazara, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa.

Akwai wani haɗarin kuma. Sauƙin saukewa na sa mutum ya yarda da lamba bai tambayi asalinta ba. Hukumar ƙididdiga ta INS kan canza shekarar da ake auna farashi da ita, wanda ya manna tsohon jeri da sabo ba tare da gyara ba zai ga hauhawar da ba a yi ba.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanki shi ne a haɗa biyu: jerin BCEAO da na babban bankin Najeriya a gefe ɗaya, farashin hatsi da wake da hukumar SIMA ke tattarawa daga kasuwanni a ɗaya gefen. Da haka ne za a iya auna makonnin da faɗuwar naira ke ɗauka kafin ta taɓa farashin tiya a Keita, kuma wannan ne lissafin da magajin gari da ƙungiyar manoma za su iya aiki da shi.