Abubuwan mamaki 7 game da hasken da aka tsare tsakanin madubai

1. A tashar sola ta Malbaza, wadda aka ƙaddamar a watan Nuwamban 2018 da ƙarfin megawat 7, duk lokacin da rana ta bugi allo takan fizge elektaron daga mazauninsa, a bar gurbi. In aka raba su, lantarki ya samu. In kuwa suka ci gaba da jan juna, sun zama abin da masana ke kira eksiton, wanda Yakov Frenkel na Rasha ya fara bayaninsa a 1931.

2. Ana iya tsare haske tsakanin madubai biyu da ratarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. A nan eksiton kan haɗiye hasken, ya amayar, ya sake haɗiyewa, har a kasa gane wane ne wane. Wannan ruwa-biyu shi ne polariton. Claude Weisbuch na Faransa da abokan aikinsa suka fara ganinsa a irin wannan tarko a 1992.

3. Sai an tara polariton wajen dubu goma kafin su kai nauyin elektaron guda.

4. Polariton ba ya daɗewa. Kafin ƙiftawa da bismilla an haifi biliyoyin zuriyarsa sun shuɗe, domin hasken na sulalewa ta madubin. Dole a riƙa yi masa ƙari da hasken leza.

5. Idan polariton suka yi yawa, sai su daina tafiyar kowa tasa, su koma motsi ɗaya, kamar ƴan gayya da ke ɗaga fartanya tare bisa kiɗin ganga. Satyendra Nath Bose na Indiya da Albert Einstein suka aza tubalin wannan hasashe a 1924, amma sai a 1995 aka cim ma shi da iskar rubidiyam a Kolorado ta Amurka, dab da digiri 273 ƙasa da sifiri, inda sanyi ya ƙure.

6. Da yake polariton ba shi da nauyin kirki, bai buƙaci wannan azababben sanyi ba. A 2006 masana a Faransa da Suwizalan sun haɗa kansa a digiri 254 ƙasa da sifiri. A 2009 aka nuna a Paris cewa yakan kwarara ya wuce cikas ba tare da gogayya ba.

7. A 2007 an samu lezar polariton mai aiki a zafin ɗaki, da sinadarin galiyam naitiraid. Shi ne dai ke cikin farin ƙwan LED na cocilan da ake sayarwa a kasuwannin Birnin Ƙonni da Illela, ƙwan da shuɗin LED ɗin da ke cikinsa ya jawo wa masana uku haifaffun Japan kyautar Nobel a 2014.

Burin masu binciken shi ne leza da kwamfuta masu cin wuta kaɗan, amma har yanzu aikin yana ɗakunan gwaji.