Dorugu, Ɗan Riƙon da Ya Kai Hausa Ingila

A ƙarshen shekarar 1854 wani ƙaramin ayari ya baro Kano ya nufi Kukawa, ya ratsa ta Gumel a ƙasar Jigawa ta yau. Madugunsa Bature ne ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe da bai wuce shekara 15 ba, ana ce masa Dorugu. Kafin shekara ta zagayo, yaron nan yana birnin Landan.

An haife shi wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Bauta ce ta mai da shi maraya. Mahara suka kama shi yana ɗan yaro, aka raba shi da iyayensa, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa Barno. A can abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun Barth. Da shi suka bi ta Zinder, Katsina, Sakkwato da Gwandu har Tambutu. Suka dawo, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A watan Satumba na 1855 suka sauka Ingila.

Nan labarin ya juya. Barth ya yi niyyar mai da yaran gida, har ya fara shiri. Amma akwai wani limamin mishan, shi ma asalinsa ɗan Jamus, James Frederick Schön, wanda ya shiga Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun lokacin kuma yake fama da nazarin Hausa, amma a Ingila ba shi da Bahaushen da zai tambaya. Ga Bahaushe har gida! Schön ya shawo kan yaran suka zauna wurinsa a Chatham, abin da ya ɓata wa Barth rai ƙwarai. Abbega bai daɗe ba ya komo Afirka a 1857, daga baya ma ya yi sarauta a Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna.

Riƙo ne na gaske. An ci da shi, an tufatar da shi, an koya masa karatu da rubutun boko. An kuma yi masa baftisma, aka raɗa masa James Henry. Sai dai wanda aka ɗauka da wayonsa ba jariri ba ne. Dorugu ya iso da harshensa cikakke, da tatsuniyoyin da ya ji a ƙauyensu, da garuruwan da ya taka da ƙafarsa. Waɗannan ne Schön yake so. Yaro yana faɗa, malami yana rubutawa: tatsuniya, labarin kamunsa, kasuwannin da ya gani, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci, wanda ya kwatanta da idon baƙon da ba ya rasa abin dariya. A ganina wannan ɓangaren ya fi kowanne daɗi, domin an saba Bature ya zo ya rubuta al'adunmu, a nan kuwa yaron Damagaram ne ya zauna yana nazarin nasu.

Daga bakin nan Schön ya samu ƙashin bayan littafinsa na nahawun Hausa na 1862, da ƙamus na 1876, da kuma Magana Hausa na 1885, inda tarihin Dorugu ya fito yadda ya faɗe shi. Schön ya samu lambar yabo a Faransa, Jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Ba a musun wahalar da ya sha, bai kuma ɓoye sunan yaron ba. Amma in za a faɗi gaskiya, tsakanin mai riƙo da ɗan riƙo, mai riƙon ne ya fi kwasar riba.

Dorugu ya dawo a 1864, bayan kusan shekara tara a Turai. Ya yi aikin tafinta wa Turawa. Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano a 1909, tsohon nan na cikin masu koyarwa, yana nuna wa 'ya'yan sarakuna da malamai haruffan da ya koyo a Chatham. A Kano ya rasu a 1912.

A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Turanci suka buga shi a matsayin tarihin da shi kansa ya bayar, shekara 59 bayan rasuwarsa.