Inshorar fari: yadda ake biyan ƙasa kuɗi kafin yunwa ta yi ƙamari

Idan damina ta yi gardama, manomi ba ya iya jira. Zai fara da sayar da akuya, sai tunkiya, daga nan ya cinye irin da ya ajiye na baɗi. Agajin ƙasashen waje kuwa sau da yawa sai bayan watanni yake isowa, lokacin da rumbu ya riga ya zama wayam. Shi ya sa idan ana maganar kuɗin tunkarar sauyin yanayi, ya kamata ka duba lokacin da suke zuwa da kuma sharaɗin da ke kansu.

A taron Kopenhagen na 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin tara dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020. Ƙungiyar OECD ta ce sai a 2022 aka cika alkawarin, da dala biliyan 115.9. Sai dai fiye da kashi biyu cikin uku na abin da gwamnatoci da bankunan raya ƙasa suka bayar rance ne. Ka ga ke nan ƙasar da fari ya riga ya durƙusar za ta koma biyan bashi.

A 2012 Tarayyar Afirka ta kafa hukumar African Risk Capacity, wato ARC, don gwada wata hanya. Ƙasa tana biyan kuɗin inshora kafin damina. Wata manhaja mai suna Africa RiskView tana bibiyar ruwan sama ta tauraron ɗan'adam, tana kwatanta shi da ruwan da amfanin gona ke buƙata. Da zarar ƙarancin ya kai mizanin da aka amince da shi, sai a biya, ba sai an tura jami'ai gona-gona sun ƙirga asara ba. Kafin ƙasa ta shiga ma, dole ta rubuta tsarin yadda za ta kashe kuɗin.

Bayan farin 2014 a yankin Sahel, an biya Senegal da Mauritaniya da Nijar sama da dala miliyan 26 a farkon 2015. Nijar ta samu miliyan 3.5. An yi amfani da kuɗin wajen raba abinci da samar da abincin dabbobi, don kada mutane su rabu da dukiyarsu da arha.

To amma tsarin yana da rauni, kuma Malawi ta ɗanɗana. A 2016 fari ya yi mata mummunar illa, manhajar kuwa ta nuna ba a kai matakin biya ba. Da aka bincika, sai aka gano an shigar mata da bayanan masara mai daɗewa a gona, alhali manoma sun koma shuka mai saurin nuna. Bayan gyara lissafin an biya dala miliyan 8.1, amma sai a farkon 2017.

Darasin a nan shi ne, tauraron ɗan'adam ruwa yake aunawa, bai san abin da manomi ya shuka ba. Don haka idan ka ji ƙasarka ta sayi irin wannan inshora, ka tambaya: da wane iri aka yi lissafin, kuma an tuntuɓi malaman gona da manoman kansu?